Idan Hankali Ya Riga Mai Shi Tafiya

Hubbaren Shehu na tsakiyar tsohon garin Sakkwato, kusa da Masallacin Shehu, ba nisa da fadar Sarkin Musulmi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya taso daga Sifawa ya zauna a nan a 1815, ya cika a 1817, aka yi masa makwanci a cikin gidansa. 'Yarsa Nana Asma'u ma nan take kwance, haka wasu sarakunan Musulmi na baya-bayan nan, har da Ibrahim Dasuƙi da ya rasu a 2016. Masu ziyara na tahowa daga Zamfara da Kabi da Katsina, daga Ƙonni da Tawa da Maraɗi, su tuɓe takalma, su yi addu'a, su raba sadaka. Mafi yawan hannuwan da ke karɓar sadakar nan na tsofaffi ne, galibi mata, masu wuni a inuwa da carbi a hannu.

Duk inda tsofaffi suka yawaita kuwa, akwai wata tambaya da malaman zaure suka saba ji, a unguwannin da ke kewaye da Hubbare da ma ko'ina a ƙasar Hausa. Magidanci ne zai jira a tashi daga karatu, ya matso kusa, ya sassauta murya: “Allah gafarta Malam, Inna fa ta ruɗe. Takan yi azahar sau uku, wata rana ta yi ta ba alwala. Jiya da azumi a bakinta ta ɗebi ruwa ta sha da rana tsaka, ta ce ai an kira magariba. Mi za mu yi?”

A zahiri hukunci yake nema. Amma a ƙarƙashin maganar akwai fargabar da ba ya iya furtawa. Wannan baiwar Allah ta shekara sittin ba ta bar salla ta wuce ta ba, ita ta koya masa Fatiha, yau ga shi ba ta san alƙibla ba, wani lokaci ma ba ta san shi ba. To, yaya matsayinta a wurin Allah? Ita ce dai, ko kuwa wadda ya sani ta riga ta tafi ta bar masa gangar jiki?

Hausawa na kiran abin gigin tsufa ko ruɗewa, likitoci da kafafen labarai na cewa cutar mantuwa. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa da ke cin tunani a hankali, har ya hana mutum gudanar da al'amuransa na yau da kullum. Iri-iri ne. Wanda ya fi yawa shi ne wanda wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, ya bayyana a 1906, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shi ke da kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na masu fama. Akwai kuma wanda ke biyo bayan lalacewar jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa, ɗan'uwan hawan jini da shanyewar ɓarin jiki. Hukumar ta ƙiyasta masu cutar a duniya sun haura miliyan 55, fiye da kashi 60 cikin 100 daga cikinsu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin arziki, kuma kowace shekara ana samun sababbi kusan miliyan 10.

Meksiko na daga cikin ƙasashen da suka zauna suka ƙirga nasu. Tun 2001 suke da wani babban bincike da ke bin lafiyar dattawansu shekara da shekaru. A 2011 Silvia Mejía-Arango da Luis Miguel Gutiérrez suka fitar da sakamako daga cikinsa a kan mutum fiye da 7,000 da suka kai shekara 60: kashi 6.1 cikin 100 na da cutar sosai, kashi 28.7 kuma tunaninsu ya raunana amma bai kai matsayin cutar ba. Abin ya fi yawa ga waɗanda suka fi manyanta da waɗanda ba su yi karatu mai zurfi ba, kuma ciwon suga da hawan jini na cikin abubuwan da ke tafiya tare da shi. Meksiko ta dace da kwatance domin a can ma yawanci a gida ake jinyar tsoho, a hannun 'ya'ya mata da matan 'ya'ya.

A Nijeriya lissafin ya fito ƙasa da haka. Binciken da Benjamin Osuntokun da Adesola Ogunniyi suka yi da Hugh Hendrie na Amurka tun daga 1992 ya samu kashi 2.29 a Ibadan, alhali baƙaƙen fatar birnin Indiyanafolis masu irin wannan shekaru, wato 65 zuwa sama, suna da kashi 8.24. Wani bincike da aka yi a Zariya aka buga a 2011 ya samu kashi 2.79. Da aka tattara binciken ƙasar wuri guda a 2019, aka tsaya a kan kashi 4.9, aka kuma ƙiyasta cewa masu cutar sun tashi daga kimanin 63,500 a 1995 zuwa kimanin 318,000 a 2015. Ƙarancin nan ba abin tafi ba ne. A Meksiko, ƙidayar 2020 ta nuna mutum 12 cikin 100 sun kai shekara 60. A Nijeriya wajen 5 ne, domin da yawa zazzaɓi da haihuwa da hatsarin mota sun ɗauke su tun kafin su kai shekarun da cutar ke kamu. Yayin da tsawon rai ke ƙaruwa, masu cutar ma ƙaruwa za su yi.

Shari'a ba ta jira ƙididdiga ba kafin ta yi magana. Alƙur'ani ya ambaci wannan hali a Suratun Nahli aya ta 70 da Suratul Hajji aya ta 5, inda ya siffanta matakin rayuwa da sani ke zubewa daga mai shi bayan ya tara. A Sahihul Buhari akwai addu'ar da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ke neman tsari da ita daga kaiwa wannan mataki. Sannan duk almajirin da ya buɗe Ahalari ko Iziyya ya san hankali sharaɗi ne na wajabcin ibada, kuma ya ji hadisin da ke cikin Sunan Abi Dawuda a kan mutum uku da aka ɗauke musu alƙalami: mai barci, yaro, da wanda hankalinsa ya gushe.

Saboda haka amsar da magidancin nan zai samu mai sauƙi ce, idan ruɗewar ta kai ƙarshe. Babu salla a kan Inna, babu ramuwa, kuma ba wanda zai yi mata. Babu azumi. Ciyarwar da Risala ta so ga tsohon da ƙarfi ya gaza masa, ta mai hankalinsa ce, amma wanda hankali ya bar shi, wajibin ma bai hau kansa ba. Zakka ce kawai ba ta faɗi, domin a mazhabar Malikiyya haƙƙi ce da ke kan dukiya, sai waliyyinsa ya fitar masa, kamar yadda ake fitar wa maraya. Sakin da ya yi a wannan hali bai saku ba, cinikinsa bai ƙullu ba, kyautarsa ba ta tabbata ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne wancan kashi 28.7 na Meksiko, da takwarorinsu da ba a ƙirga ba a Sakkwato. Su ne mutanen tsakiya. Dattijo ne da ke lissafin kuɗin hayar shagunansa daidai da safe, da la'asar kuma ya rantse an sace masa hular da ke kansa. Ya san sunan kakan kakansa, ya manta ya ci tuwo. Likitoci sun lura cewa ruɗewar kan tsananta idan rana ta yi gora zuwa faɗuwarta, wato daidai lokacin da Bahaushe ke cewa iskoki na yawo, shi ya sa gida da yawa kan fara da hayaƙi da rubutu da ruƙiyya, a shekara ana yi ba a je asibiti ba. Daga cikin mutanen tsakiyar nan wasu kan gangara zuwa cutar, wasu su tsaya cak, wasu ma su warware, musamman idan asalin matsalar ciwon damuwa ne, ko ƙarancin sinadarin B12, ko matsalar maƙoƙo, ko wani magani da ya yi musu ƙarfi.

Malaman fiƙihu sun san da wannan tsaka-tsaki. A Muwaɗɗa, Imamu Malik ya zartar da wasiyyar mai raunin hankali da ta wanda ke farfaɗowa lokaci-lokaci, muddin a sa'ar da ya yi ta yana da hankalin da ya san abin da yake faɗa. Ma'aunin ke nan: ana bin hankali sa'a-sa'a. Idan ya zo, nauyi ya zo da shi gwargwadonsa. Idan ya tafi, nauyi ya bi shi. Tsohuwar da ta gane asuba ta yi, an karɓa in Allah ya so. Azahar ɗin da ta zo ta same ta a ruɗe har lokaci ya fita, ba bashi ba ce. Jikan da ke tsaye a kanta yana daka mata tsawa ta sake alwala, shi ke ɗaukar alhaki, ita ba ta da ko ɗaya.

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin mutane, cewa mahaddacin Alƙur'ani ba ya ruɗewa. Tana da asali, an ruwaito makamanciyarta daga Ikrima, almajirin Ibnu Abbas, kuma bincike na zamani ya nuna cewa ƙwaƙwalwar da aka horar da karatu ta fi jure wa cutar. Amma idan aka mayar da maganar doka marar togiya, sai ta zama wuƙa. Ranar da wani alaramma ya fara haɗa ayar Baƙara da ta Ali Imrana, sai a koma gefe ana raɗa: ko dai akwai abin da ya aikata a ɓoye? Iyalinsa su ji kunya, su ɓoye shi, su hana a kai shi ga likita.

Malaman hadisi, waɗanda ba a taɓa yin masu hadda kamarsu ba, ba su ɗauki abin haka ba. Sun ga manyan malamansu amintattu suna ruɗewa a ƙarshen rayuwa, suka buɗe wa lamarin babi na musamman a iliminsu. Ibnus Salah ya ware masa fasali a Muƙaddimarsa, daga baya Ibnul Kayyal ya rubuta littafi sukutum a kan waɗanda hakan ta faru da su. Aɗa'u ɗan Sa'ib, malamin Kufa, yana cikinsu. Abin da suka yi shi ne binciken lokacin da ruɗewar ta fara, sannan suka tantance almajirai: wanda ya ji daga gare shi kafin lokacin, irin Shu'uba da Sufyanus Sauri, an karɓi ruwayarsa, wanda ya ji bayan nan an ajiye tasa. Ba su ce ruɗewar ta tona wani asiri ba, ba su kuma soke shekarun da ya yi yana daidai ba. Sunansa na nan a littattafai ana yi masa addu'ar rahama.

Labarin Jarir ɗan Hazim, malamin Basra da ya rasu a shekara ta 170 bayan hijira, ya fi kusa da abin da ke faruwa a gidajenmu. Abdurrahman ɗan Mahdi ya ba da labarin cewa da ya fara ruɗewa, 'ya'yansa, waɗanda su ma masana hadisi ne, suka lura, sai suka dakatar da masu zuwa ɗaukar karatu. Saboda haka ba wanda ya ɗauki ruwaya daga bakinsa a halin ruɗewa, iliminsa ya tsira gaba ɗaya. 'Ya'yan nan sun gane cewa mutuncin da mahaifinsu ya shekara yana ginawa ya zama amana a hannunsu tun daga ranar da ya kasa tsaronsa da kansa.

A nan ne tambayar magidancin nan ta biyu ke samun amsa. Masanin falsafar Ingila John Locke ya kawo ra'ayi a 1694 cewa abin da ke sa mutum ya zama shi ne na jiya shi ne na yau, saninsa ne da ke iya komawa baya ya riski abin da ya aikata. Idan aka bi wannan ra'ayi har ƙarshensa, tsohuwar da ta manta aurenta da haihuwarta da hajjinta ta rabu da matar da ta yi su. Musulmi ba zai iya tsayawa a nan ba, domin a aƙidarsa ajiyar aikin mutum ba a kansa take ba. Akwai masu rubutawa, akwai Wanda ba ya mantuwa. Hajjin da Inna ta manta yana nan a rubuce. Buhari ya ruwaito daga Abu Musal Ash'ari cewa bawan da ciwo ko tafiya ta hana shi aikin da ya saba, ana ci gaba da rubuta masa ladansa. Ɗabari kuma, a tafsirin Suratut Tin, ya zaɓi fassarar da aka ruwaito daga Ibnu Abbas, cewa ƙasƙancin da surar ta ambata shi ne na matuƙar tsufa, kuma muminin da ya kai can ladan abin da ya saba yi ba ya yankewa.

Wannan na da muhimmanci ga iyalan da ke kwana da tsoron mummunan ƙarshe. Cutar kan taɓa sashen ƙwaƙwalwa mai riƙe da kunya da kamun kai, sai a ji dattijon da ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba yana ashar, ko hajiyar da ta yi kulle shekara arba'in tana neman fita ba mayafi. 'Ya'ya su shiga kuka, suna ganin an juya wa mahaifinsu ƙarshe. Alhali ƙarshen da ake yi wa hisabi shi ne inda alƙalami ya tsaya. Abin da ya biyo baya alamar ciwo ce, hukuncinta ɗaya da na tari ko rawar hannu. Masu jinya kuma sun sha ganin wani abu: abin da aka dasa tun ƙuruciya shi ke ƙarshen fita. Tsohuwar da ba ta gane ɗiyarta ba, idan aka ja mata farkon Ƙulhuwallahu ko wata waƙar wa'azi da ta koya tana yarinya, sai ta karɓe ta kai ƙarshe.

Nauyin da aka sauke daga kan tsoho bai ɓace ba, komawa ya yi kan na kusa da shi. Aya ta 23 da ta 24 a Suratul Isra'i sun ambaci tsufan iyaye a gaban 'ya'yansu, suka hana ko da ƙaramar alamar ƙosawa. Wanda ya taɓa amsa tambaya ɗaya sau ashirin kafin azahar ya san dalilin hanin. A gidajen Hausa, mai ɗauke da wannan kaya yawanci mace ce: ɗiya, ko matar ɗa, ko jikanyar da aka cire daga makaranta. Ita ke wanki da wanka da tsaron ƙofa, ita kuma tsohuwar ke zargi da satar zane, 'yan'uwan da ke Abuja su bugo waya su yarda da zargin. Wajibin na 'ya'ya ne gaba ɗaya, maza da mata, na kusa da na nesa, kuma wanda ya tura kuɗin magani bai gama nasa ba matuƙar mai jinyar ba ta samun daren da za ta yi barci.

Idan tsaro ya yi rauni, sai a ji sanarwar cigiya a Rediyon Rima: dattijo ya fita masallaci tun asuba bai dawo ba, yana sanye da kaza, duk wanda ya gan shi ya kai shi gidan mai unguwa. Namiji kan ci sa'a a mayar da shi gida. Tsohuwar da aka tsinta tana sambatu a unguwar da ba a san ta ba, tana iya gamuwa da kalmar da ta fi kowace haɗari, wato mayya. A arewacin Gana har matsugunai ake da su, irin na Gambaga, inda matan da aka kora da wannan zargi ke fakewa, kuma akasarinsu tsofaffi ne. Wasu gidajen kuma, don gudun abin kunya, sai su kulle tsoho a ɗaki shi kaɗai. Suna iya cewa ai 'ya'yan Jarir ma sun tsare nasu. Amma abin da 'ya'yan Jarir suka hana shi ne a ɗauki ruwaya daga bakinsa. Kaɗaici kuwa ƙara rura cutar yake yi.

Kiyaye hankali na cikin abubuwa biyar da malaman usulu suka ce shari'a ta zo ta tsare, tare da addini da rai da zuriya da dukiya. An saba kawo shi a babin giya da ƙwaya. Ya kamata a faɗaɗa. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 a rahotonsa na 2024 waɗanda, in an magance su, za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na cutar. A cikinsu akwai hawan jini, ciwon suga, taba, raunin ji, raunin gani, buguwar kai, gurɓatacciyar iska, kaɗaici da ƙarancin karatu tun yarinta. Kowanne yana da fuska a Sakkwato: ɗan kabu-kabun da ba ya sa hular kwano, matar da ta shekara talatin tana shaƙar hayaƙin murhu, tsohon da yanar ido ta rufe shi alhali aikin cire ta bai kai awa guda ba, yarinyar da ba a sa ta makaranta ba.

Garin ma yana da abin koyi a tarihinsa. Tsarin 'Yan Taru da Nana Asma'u ta kafa ya dogara ne da jajjoji, mata masu shekaru da ake naɗa wa malfa, su jagoranci ayarin mata daga ƙauyuka zuwa wurinta, su haddace waƙoƙin karatu, su koma su koyar. Bayan rasuwarta a 1864 ƙanwarta Maryam ta ci gaba da shi. Ba don maganin mantuwa aka kafa shi ba, amma ya haɗa wa tsohuwa tafiyar ƙasa da hadda da zama cikin jama'a da jin cewa ana bukatarta, abubuwan da likitocin yau ke rubuta wa dattawa.

Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo na cikin gari, Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya na Kware. Har yau babu maganin da ke warkar da cutar Alzheimer, amma gwaji na iya gano masu kama da ita da ake warkarwa, ya kuma ba iyali abin da 'ya'yan Jarir suka samu da ilminsu, wato sanin lokacin da abin ya fara. Sanin nan na da amfani har a gaban alƙali, ranar da wani ɗa ya fito da takardar kyautar gona da ya ce Baba ya danna wa yatsa. Tun tsoho yana cikin mutanen tsakiya, yana gane safiya ko da yamma na rikita shi, lokacin ne ya dace a zauna da shi da shaidu biyu, ya faɗi basussukan da ke kansa da waɗanda yake bi, ya ambaci amanar mutane da ke hannunsa, ya yi wasiyyarsa a cikin sulusin dukiya, ya kuma zaɓi da bakinsa wanda zai riƙe masa al'amura da ɗakin da yake so a yi jinyarsa.